Shin Ɗakin Sutudiyo Yana da Sauran Amfani Tunda Akwai Gangunan Kwamfuta?

Tambaya: Malam, ina haɗa kiɗa a gida da sautukan ganguna da aka riga aka ɗauka, waɗanda ake kira samfur. Akwai sauran dalilin biyan kuɗin sutudiyo saboda ɗaki kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, samfur ɗin da ke hannunka ma a cikin ɗaki aka ɗauke shi. Gangunan manhajar Superior Drummer 3, wadda ta fito a 2017, an ɗauke su ne a Galaxy Studios da ke Beljiyam, aka jera makirfo kusa da nesa domin a kama amon zauren kansa. Ke nan ba ka rabu da ɗaki ba, aron na wani ka yi.

Bugun ganga gajere ne ƙwarai, kuma wani babban ɓangare na kaurin da kunne yake ji amsa-kuwwa ce daga bango da daɓe da rufi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka makirfon da ke nesa da mita 3 yana jin bugun bayan kusan kashi 9 cikin 1000 na daƙiƙa, sannan na bango ya biyo baya. Wannan ɗan jinkiri shi ne yake ba ganga girma.

To amma ba kowane ɗaki ne alheri ba. Idan tsakanin bango biyu mita 3 ne, sauti mai kaɗawa kusan 57 a daƙiƙa yana taruwa a wani gefe ya dushe a wani, kuma a kusa da wannan kaɗawar ne sautin babbar gangar ƙafa yake. Siririn soso ko kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan. A irin wannan ɗaki, samfur ya fi ganga ta gaske nesa ba kusa ba.

Abin da samfur yake wahalar kwaikwaya shi ne yadda kayan kiɗa suke amsa wa juna: makaɗi ya taka gangar ƙafa, wayoyin da ke ƙarƙashin ƙaramar ganga su yi ziza, ƙarar farantan ƙarfe ta shiga kowane makirfo, shi kuma ya sassauta hannu gwargwadon abin da ɗakin ya mayar masa. Na'urar kiɗan ganguna ta Linn LM-1 ta 1980 bugu ɗaya take maimaitawa ga kowace ganga. Manhajojin yau suna ajiye bugu iri-iri ga kowace ganga, tazarar ta ragu amma ba ta rufe ba.

A ganina, kiɗan rawa na zamani samfur ya wadatar da shi, kiɗan jaz kuwa da na ƙungiyar da ke bugawa tare sun cancanci zaure mai kyau. Kuma ko ka tsaya ga samfur, ka gyara ɗakin da kake sauraro, ka fara da sanya kayan tsotse sauti masu kauri a kusurwoyi, domin da abin da lasifika ta jiyar da kai a wurin za ka daidaita gangunan.