Cikin Manyanmu, Mutum Nawa Ne Zuciyarsu Ke Lafiya Ƙalau?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 47. Watan jiya maƙwabcin shagona ya yanke jiki ya faɗi yana tsaka da lissafi da yaransa, yanzu haka ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin nan ban taɓa jin ya ce ko kansa na ciwo ba. Tun daga ranar nake kallon 'yan layinmu ina tambayar kaina: mu manya da ke yawo muna cewa lafiya lau, mutum nawa ne a cikinmu zuciyarsu ke da lafiya da gaske? Akwai wanda ya taɓa ƙirgawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah Ya ba maƙwabcinka lafiya, Ya sa kaffara ne. An taɓa ƙirgawa, kuma abin da aka samu ba shi da daɗin ji. Amma kafin in kawo maka adadi, sai mun daidaita a kan abin da ake nufi da lafiyar zuciya, don a nan ne mu likitoci da jama'a muke raba hanya. A wurin yawancin mutane, muddin ƙirji bai yi ciwo ba, numfashi bai sarƙe ba, ƙafa ba ta kumbura ba, to zuciya lafiyarta ƙalau. Mu kuwa a wurinmu, ranar da waɗannan alamu suka fito ɓarna ta riga ta yi shekaru tana aiki a ɓoye. Abin da ya sami maƙwabcinka a ƙwaƙwalwa ya faru, amma jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa da waɗanda ke ciyar da zuciya danginsu ɗaya, abin da ke lalata wannan shi ke lalata wancan.

A shekarar 2010 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fito da ma'auni guda bakwai na wanda za a ce zuciyarsa na cikin cikakkiyar lafiya. Huɗu halayen mutum ne: ba ya shan taba, yana motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, cimarsa mai kyau ce, nauyinsa ya dace da tsayinsa (mai tsayin mita 1.70, alal misali, kada ya wuce kilo 72). Sauran ukun sai an auna: jini ƙasa da 120 bisa 80, sukari kafin karyawa ƙasa da 100, kitsen jini da ake kira kolestarol ƙasa da 200, kuma duk ukun ba da taimakon magani ba. Da aka ɗauki wannan ma'auni aka gwada mutum 1,933 masu shekaru 45 zuwa 75 a yankin birnin Pittsburgh, a wani bincike da aka buga a 2011, mutum ɗaya tak ne ya cika bakwai ɗin. Waɗanda suka cika ko da biyar ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Kuma waɗannan ba majinyata ba ne a gadon asibiti, mutanen gari ne masu zuwa aiki su dawo, kamar ni da kai.

Kada wannan adadi ya tsinka maka zuciya. Ma'aunin yana da tsauri ƙwarai. Wanda ke shan maganin hawan jini, jininsa ya sauka ya zauna daram, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka cika, alhali ya yi wa kansa gata babba. Sharaɗin abinci kuwa shi ya fi kayar da mutane, kusan kowa a nan yake faɗuwa. A 2022 ƙungiyar ta sabunta lissafin, ta ƙara barci na awa 7 zuwa 9 ya zama na takwas, ta koma ba da maki daga 0 zuwa 100 maimakon an ci ko an faɗi. Da sabon lissafin, kusan mutum ɗaya cikin biyar na manyan Amurka ne ya kai matakin sama. Abin da na fi so ka riƙe shi ne, an bi dubban mutane shekara da shekaru an ga cewa kowane sharaɗi ɗaya da mutum ya ƙara cikawa yana rage masa haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Mai uku ya fi mai biyu, mai biyar ya yi wa mai uku fintinkau.

To mu dawo Kantin Kwari. Ta wasu ɓangarori mun fi su. Shan sigari bai yi mana katutu kamar wasu ƙasashe ba, musamman a tsakanin mata, ko da yake shisha ta shigo wa matasanmu da ƙarfi kuma ita ma taba ce, ko da an saka mata ƙamshin tuffa. Manomin da ke wuni da fartanya, da matar da ke daka da ɗiban ruwa, sun wuce minti 150 tun kafin Laraba. Gero, dawa, wake, zogale, rama, kuɓewa, abinci ne da likitan zuciya ko'ina a duniya zai sa wa albarka. Sai dai ɗan kasuwar birni ya bar wannan rayuwa. Daga ƙofar gida zuwa mota ko Adaidaita, daga nan zuwa benci a shago har Magariba, ga shayi mai sukari cokali uku da safe, ga lemon kwalba da rana, ga tsire da daddare. Teɓa ta fito, a ce Alhaji ya samu hutu.

Inda muka fi faɗuwa, kuma inda nake so ka tsaya, shi ne hawan jini. Binciken da ake yi a Najeriya galibi suna nuna kusan mutum uku cikin goma na manya suna da shi, wasu ma sun samu fiye da haka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Akwai kuma wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga sakamakonsa a 2018: kusan tara cikin goma na shanyewar jiki an danganta su da hawan jini. Cikin sauran abubuwan da suka fito akwai barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da ƙarancin cin ganye.

Na taɓa zama da na'urar awo a ƙofar wani masallaci bayan an sauko Juma'a. Wani dattijo mai fara'a ya naɗe hannun rigarsa yana zolayar abokansa cewa shi dai rakiya ya yi. Na ɗaura masa, na'urar ta matse ta saki, ta nuna 178 bisa 104. Na bar shi ya huta, na sake, ba ta canja zani ba. Ya dube ni ya ce, "Likita, ni fa ko jiri ba na ji." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya sa ake ce wa ciwon mai kisan mummuƙe. Har yau idan na tuna fuskarsa sai in ji ba daɗi, don ban san ko ya je asibitin da na tura shi ba.

Batun gishiri kuma, a leƙa madafa. An saka gishiri a miya, an murmushe magi uku ko huɗu, wani lokacin a jefa kanwa, sannan a kawo yaji gaban maigida, shi ma da magi da gishiri aka daka shi. Dukkansu sinadari ɗaya suke ɗauke da shi mai riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince wa babban mutum a wuni guda bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya bai cika ba, daga karin kumallo har abincin dare. Ba laifin uwargida ba ne ita kaɗai, mu maza ne ke ture kwano mu ce miya ta yi lami. Idan aka rage sannu a hankali, aka bar daddawa da albasa da tafarnuwa suka yi aikinsu, cikin 'yan makonni harshe yake sabawa.

Saboda haka idan ka tsaya a bakin layinku ka ƙirga manya goma, ka ƙaddara cewa kusan uku suna da hawan jini, kuma wasunsu ba su da labari. Wanda ya cika duka sharuɗɗan nan kuwa, za ka iya zaga kasuwar kaf ka same su ba su cika hannu ba.

Kai kuma Alhaji, a shekara 47 ga abin da nake roƙonka. Cikin makon nan ka je asibiti ko kemis mai na'ura mai kyau a auna jininka, kana zaune ka huta minti biyar, ba ka sha shayi ko ka ci goro ba a rabin awar da ta wuce. Ka maimaita a wata rana daban, ka rubuta lambobin a takarda. Idan ya kai 140 bisa 90 sau biyu, ka ga likita, kuma idan an ɗora ka a kan magani kada ka ajiye shi don ka ji garau, don saukar da jinin ya yi, aikin maganin ne. Ka haɗa da awon sukari da na kitsen jini da safe kafin ka karya. In da hali, ku 'yan layin ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awo ta dantse guda ɗaya ku ajiye a shagon wani, ku sa ranar da kowa zai miƙa hannu. Ku fara da 'yan'uwan maƙwabcin naka da manyan 'ya'yansa, don hawan jini yana bin dangi.