Lopetegui gola ne kafin ya zama koci

Malam, kana tambaya wai Julen Lopetegui ya taɓa buga ƙwallo kuwa ko kawai koci ya tashi. Ya buga mana, gola ne, ɗan yankin Basque na arewacin Sifaniya, an haife shi a Asteasu a 1966. A Real Sociedad ya taso, Real Madrid ta ɗauke shi amma wasan lig ɗaya tak ya yi wa babbar ƙungiyar, sai da ya koma Logroñés aka ga abin da yake iyawa, har aka tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Barcelona ta saye shi bayan tafiyar golanta Zubizarreta, nan ma benci ya sha, mahaifin Sergio Busquets ne ke tsaron raga. A Rayo Vallecano ya rataye takalmi a 2002.

Wajen koci kuwa wallahi ni ina ganin ba a yi masa adalci. Ya ci kofin Turai da 'yan ƙasa da shekara 19 da 'yan ƙasa da shekara 21 na Sifaniya, ya riƙe babbar tawagar Sifaniya ba a doke shi ko sau ɗaya ba, amma saura kwana biyu su kara da Portugal a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha aka kore shi don ya karɓi aikin Madrid, can kuma Barca ta zura musu 5-1 aka sallame shi a Oktoba. Duk da haka a 2020 ya ɗaga kofin Europa da Sevilla, sun ci Inter 3-2.