Kafin ka sake sauke Anaconda, gano inda maganar ta yanke

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce Jupyter Notebook, shafin da ake rubuta umarnin Python a gudanar da shi a burauza, yana buɗe maka lafiya, amma da ka kunna akwatin da ka rubuta lambobinka na Python sai alamar tauraro ta kafe a gefe ba amsa, wani lokaci ma ya ce maka kanel ya mutu, kuma ka sake sauke Anaconda, kunshin da ke girka Python da Jupyter tare, har sau biyu abin bai canja ba. Don Allah kada ka yi na uku. Ɗaruruwan megabait kake ƙonawa a banza, kuma na san yadda kuɗin data yake ga ɗalibi.

Shafin da kake gani a burauza ba shi ke gudanar da Python ba. Abu uku ne ke aiki tare: burauza, sabar ta Jupyter, sai kanel, wato shirin da ke sarrafa yaren da kake rubutu da shi, Python ne ko R ko Julia. Kamar tashar mota ta Bauchi Road a Jos ne: fasinja ba ya ciniki da direba, ɗan kamasho ne a tsakani. Burauza na magana da sabar ta WebSocket, sabar kuma na magana da kanel ta ZeroMQ. Hanyoyi biyu ke nan, kowace da irin ciwonta, kuma aikinka na farko shi ne sanin wadda ta yanke.

Ga gwajin da nake fara yi kullum. Ka bar shafin a buɗe, ka buɗe taminal (tagar rubuta umarni) na biyu ka rubuta `jupyter console --existing`. Wannan zai haɗa ka da kanel ɗin da aka tayar na ƙarshe ba tare da bi ta burauza ba. Rubuta 1+1. In ya ba ka 2, kanel na nan da ransa, matsalar tana tsakanin burauza da sabar. Sai ka danna F12, ka duba sashen da ke nuna zirga-zirgar intanet, ka nemo haɗin WebSocket. Lamba 101 ake so. In ka ga 403 ko 404, ko haɗin yana ta yankewa, ka kama ɓarawon.

Wannan ya taɓa samuna a wata cibiyar koyar da kwamfuta da na taimaka wa a wajen Farar Gada. Mun ɗora Jupyter a babbar kwamfuta guda don ɗalibai su riƙa shiga daga kujerunsu, muka sa nginx, shirin da ke karɓar buƙatun burauza ya miƙa wa sabar, a gaba. Shafi na buɗewa ga kowa, ba wanda lambarsa ke gudana. Kwana biyu muna zargin Python, ashe nginx ne ba a gaya masa ya wuce da bayanan `Upgrade` da `Connection` ba, waɗanda in babu su WebSocket ba ya ƙulluwa. Layi uku muka ƙara, aji ya ci gaba. Har yau ina jin zafin kwana biyun da yaran nan suka rasa, wasunsu daga Bukuru suke zuwa da sanyin safiya.

Amma naka, yadda ka bayyana shi, na fi zargin ɗaya hanyar, ta tsakanin sabar da kanel. Rubuta `jupyter kernelspec list`. Zai nuna maka kowane kanel da inda yake zaune. Shiga wurin ka buɗe `kernel.json`, ka kalli layin `argv`: nan aka rubuta ainihin Python ɗin da za a tayar. Sau da yawa yana nuni ne ga wani tsohon Python da aka riga aka goge. Kuma abin da ya sa sake sauke Anaconda bai yi maka magani ba shi ne, in an taɓa girka kanel da `--user`, fayil ɗin yana cikin ma'ajiyarka ta kanka, a Windows ƙarƙashin `%APPDATA%\jupyter\kernels`, a Linux `~/.local/share/jupyter/kernels`. Cire Anaconda ba ya taɓa shi. Ka shiga muhallin Python da kake aiki da shi, ka yi `python -m ipykernel install --user`, ya rubuta sabo.

Game da tauraron kuwa, ba kullum yake nufin mutuwa ba. Kanel na da ƙofofi biyar. Ta `shell` ake miƙa masa aiki, ta `iopub` yake fitar da sakamako da sanarwar yana aiki ko ya gama, `stdin` ta tambayar mai amfani ce, `control` ta umarnin tsayarwa, `hb` kuma bugun zuciya ce da ake gane yana raye. Aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, don haka in wani akwati a sama yana jiran ka amsa `input()`, ko wani zagaye ya ƙi ƙarewa, duk na ƙasa za su tsaya a layi da tauraronsu. Gungura sama ka duba kafin ka tayar da hankalinka.

In kuma yana mutuwa ne daidai lokacin da kake loda babban fayil da pandas, kayan aikin Python na sarrafa bayanai, a kwamfuta mai RAM gigabait 4, to ƙwaƙwalwa ce ta cika. A Linux `dmesg` zai nuna maka an kashe shi. Ka karanta fayil ɗin gutsure-gutsure da `chunksize`.

In duk wannan bai warware ba, ka rufe komai, ka tayar da shi da `jupyter notebook --debug`, ka kunna akwati guda, ka kwafo abin da taminal ya rubuta daga lokacin da kanel ya fara tashi, ka turo tare da `kernel.json` ɗinka da sunan tsarin kwamfutarka. Sai dai ka goge `token`, wato mabuɗin sirri na shiga sabar, da ke cikin adireshin, kuma in za ka haɗo fayil ɗin haɗi da ke inda `jupyter --runtime-dir` ya nuna, ka share abin da ke gaban `key`, domin da shi ake sa hannu a saƙonnin da ke zuwa wa kanel. Bayan sallar isha'i nake zama a kan kwamfuta, zan duba maka in sha Allah.