Tambaya da Amsa: In sayar da haibirid ɗina in sayi motar lantarki zalla?

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Prius ƙirar 2013, mai haɗa fetur da lantarki. Nakan yi kimanin kilomita 50 a rana cikin gari, sannan duk wata nakan je Abuja. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake son rabuwa da gidan mai baki ɗaya. Wani dila ya yi mini tayin motar lantarki zalla. In canza?
Mai karatu daga Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka kalli motar, ka fara duba mitar gidanka, domin ita ce za ta zama gidan manka.

Mu yi lissafi. Prius mai lafiya tana shan lita 5 ko kusa da haka a kilomita 100. Mu ɗauka lita naira 900 ce, kai kuma ka sa farashin da kake saye a yau: naira 4,500 ke nan. Matsakaiciyar motar lantarki, da esi a kunne, tana cin yunit 15 zuwa 17 a wannan tazarar, kuma yunit ɗin shi ne dai wanda mitarka ke ƙirgawa. Amma ba duk wutar da ta bar bango ce ke shiga batir ba, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tafiya a zafi wajen caji. Saboda haka mita za ta cire maka yunit 17 zuwa 19. Idan kana layin Band A, rukunin da ya fi samun wuta, wanda aka tsayar da kuɗinsa a wajen naira 210 kowane yunit a 2024, za ka biya naira 3,600 zuwa 4,000. Rarar ba ta wuce naira 500 zuwa 900 a kilomita 100 ba. Kai mai yin kilomita 1,500 a wata, abin da zai rage a aljihunka bai kai naira 15,000 ba. Raba cikon miliyoyin da dilan ke nema da wannan adadi, ka ga shekarun da za ka yi kafin kuɗinka su dawo.

Tallan da ake yi na cewa motar lantarki tana rage kashe kuɗi gaskiya ne, amma da motar fetur zalla mai shan lita 10 ko 12 ake gwada ta. Mai haibirid ya riga ya ci mafi yawan wannan ribar tun ranar da ya saye ta.

Idan unguwarku ba Band A ba ce, yunit bai kai rabin wancan kuɗi ba, a nan rarar tana da kauri. Sai dai wutar ce ba ta zama. A ƙa'ida Band A awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma kowa ya san ba kullum ake cika alkawarin ba. Zirga-zirgarka ta yini tana buƙatar wajen yunit 10. Cajar hannu da ke zuwa da mota, wadda ake sa wa a soket na gida, tana jan amfiya 10, wato kilowat 2.3, don haka sai ta yi awa huɗu da rabi. Cajar bango mai amfiya 32 tana ba da kilowat 7 da ɗoriya, ta gama cikin awa ɗaya da rabi. To amma wannan lodi ne na esi biyar ko shida a lokaci guda. Tana son layinta ita kaɗai daga allon rarraba wutar gida, da waya mai kaurin murabba'in milimita 6 aƙalla, 10 idan da nisa, da bireka mai amfiya 40, da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa, da ƙarfen da aka kafa a ƙasa da kyau aka ɗaura masa waya. Ko cajar hannun ma kada a haɗa ta da doguwar wayar ƙari ta kasuwa. Awa huɗu ana jan amfiya 10 ya isa ya narkar da soket mai sako-sako: za ka ga bakin ramukan ya yi baƙi, robar ta yi laushi, yana warin ƙuna. Idan kuma taransifomar unguwa tana ba da wuta maras ƙarfi da daddare, caja da yawa sukan katse da kansu, ka wayi gari batir yana inda ka bar shi.

Sai maganar Abuja. Daga Kano ya haura kilomita 400. Motar lantarki ta fi tattali a cunkoson gari, a babbar hanya kuwa iska ce ke cinye mata caji. Mota mai batirin yunit 60, irin BYD Atto 3 babba, idan ana gudun 110 da esi, kada ka sa ran ta wuce kilomita 300. Dole ka tsaya a Kaduna, kuma dole ka san takamaiman inda za ka yi caji, ka tabbatar yana aiki kafin ka baro gida. Wuraren caji na jama'a har yanzu kaɗan ne, galibinsu a Legas da Abuja suke.

Shawararmu: idan Prius ɗin ita kaɗai ce motar gidan, riƙe ta. Idan za ka iya ajiye ta don tafiya, ka sayi ta lantarki don cikin gari, kuma kana da garejin da wuta ke zama, to babu laifi.

Camry haibirid ɗina ta 2012 ta kunna fitilar gargaɗi, ƙarfinta ya ragu, injin ba ya hutawa kamar da. Bakanike ya ce babban batir ya mutu. Gara in sayar in ɗauki Nissan Leaf 'yar Kwatano?
Mai karatu daga Zariya

Hajiya, kada ki yanke hukunci sai an ɗora ta a kwamfuta. Ƙaramin batir mai bolt 12 idan ya yi sanyi yakan sa motar ta tayar da gargaɗin ƙarya, a fara auna shi. Idan kwamfuta ta nuna lambar P0A80, to babban batir ne. A Camry ɗinki ƙananan batura 34 ne aka jera, kowanne bolt 7.2, jimilla kusan bolt 245. Ba kasafai suke mutuwa tare ba. Na'urar bincike tana nuna su bibbiyu, wanda ya gaza sauran da kusan bolt 1.2 a nan ƙwaya ɗaya ta cikin batir ta mutu.

Abin da ke kashe su a ƙasarmu zafi ne da ƙura. Akwai fanka da ke zuƙo iskar cikin mota tana hura wa batirin. Idan aka kwance ta bayan hunturu biyu ko uku, za a tarar da fikafikanta sun cushe da ƙura da zaren kujera da gashi har sun dunƙule. A wanke ta duk shekara, kada a toshe mashigar iskar da kaya, kuma a riƙa kunna esi a watannin Maris zuwa Mayu, don batirin ma yana amfana. Canza ƙananan batura ɗaya ko biyu da suka mutu yana da araha, amma faci ne, sauran ma sun tsufa, bayan 'yan watanni wani zai biyo baya. Canza jerin gaba ɗaya ya fi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sayen wata mota ba. Duk wayar da kika gani ruwan lemo, wutar cikinta tana kisa. Wanda bai san cire filogin tsaro na batirin da sa safar hannu ta masu aikin lantarki ba, kada ya taɓa.

Leaf kuwa ba ma ba ɗan Arewa shawarar sayen tsohuwarta. Batirinta ba shi da ruwan sanyaya, zafi na cin sa da sauri. Na farko-farko yunit 24 ne kawai tun suna sababbi. A allon gaban direba akwai sanduna 12 masu nuna lafiyar batir. Ta farko tana ɓacewa idan ya rasa wajen kashi 15 cikin ɗari, mai sanduna 8 kuwa ta rasa aƙalla kashi ɗaya cikin uku, da ƙyar ta kai kilomita 80. A kuma lura, waɗanda suka fito daga Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake.

Zan iya cajin motar lantarki da janareta ko sola?
Mai karatu daga Sakkwato

Da janareta asara ce, Malam. Ƙaramin janareta mai fetur yana ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a lita. Yunit 19 na tafiyar kilomita 100 zai ci lita 10 ko fiye, ninki biyu na abin da haibirid za ta sha a wannan tazarar. Ban da haka, caja da dama ba sa yarda su fara aiki a kan janareta idan ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya dace ba.

Sola tana yi, har ma hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan garinku a 2021. A Arewa kilowat ɗaya na faranti yana ba da yunit 4 zuwa 4 da rabi a rana, don haka faranti biyar masu wat 550 sun ishi kilomita 50, ban da buƙatar gida. Inbata ta zama mai kilowat 5 aƙalla. Matsalar ita ce lokacin da rana take ƙwallewa mota tana wurin aiki. Ko dai a sa farantan a can, ko a sayi batirin gida mai yunit 10, wanda shi kansa kuɗi ne masu yawa.

Na yanke shawara zan yi odar sabuwar motar lantarki daga Chana. Me zan duba?
Mai karatu daga Abuja

Bakin caji tukuna. Motocin da aka ƙera don kasuwar Chana GB/T suke da shi, na Turai Type 2 da CCS2, na Amurka Type 1 da CCS1 ko NACS na Tesla. Ka zaga wuraren cajin da ke kusa da kai ka ga wanne suke da shi, domin abin haɗi na caji mai sauri yana da tsada kuma ba kullum yake aiki ba. Ka tambayi irin batirin: LFP ya fi jure zafi, ana cika shi ɗari bisa ɗari, NMC kuwa a tsaya a 80 sai ranar tafiya. Ka tabbatar allon motar yana juyawa daga Sinanci zuwa harshen da kake karantawa. Ka sa dilan ya rubuta maka garantin batir da sunan garejin da zai duba ta a Najeriya, kuma ka tambayi kuɗin gilashin gaba da fitila da kwanakin da suke yi kafin su iso.