Ciwon hantar jarirai da ake gada

Tambaya: Likita don Allah, jaririn yayata ɗan wata 3 idonsa ya yi ɗorawa, an ce ciwon hanta ne na gado wai TRMU, mene ne shi?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa. TRMU ƙwayar gado ce a kuromosom na 22, aikinta liƙa sulfa a jikin tRNA, wato ɗan dakon da ke kai amino asid (tubalan furotin) wajen ƙera furotin a cikin mitokondiriya, injin samar da ƙarfi na ƙwayoyin jiki, to in ƙwayar gadon ta samu matsala sulfar ta yi ƙaranci, sai aikin ya cije hanta ta rasa ƙarfi. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da mai matsalar yaro ke kamuwa, don Allah kar a ɗora wa uwa laifi. Likitoci kan ƙara masa sinadarin sisteyin (cysteine), wani amino asid mai ɗauke da sulfa, kuma jarirai da yawa in sun tsallake watannin farko hantar na farfaɗowa.