Tambaya da Amsa: 'Yata ta daina cin abinci wai tana gudun ƙiba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. 'Yata shekararta 15, tunda ta dawo hutu daga makarantar kwana ta canza min gaba ɗaya, yarinyar da in an yi tuwon shinkafa miyar taushe sai ta nemi ƙari yanzu loma biyu ta ce ta ƙoshi, da safe ruwan ɗumi da lemun tsami kawai, ga azumin Litinin da Alhamis ba fashi kuma ko an sha ruwa dabino ɗaya ne. Ƙanwarta ce ta gaya min wai 'yar lukuta suke ce mata a makaranta. Na tsinci shayin rage ƙiba a jakarta, kuma in na matsa mata ta ci sai ta shige banɗaki ta daɗe. Wata uku kenan ba ta ga al'adarta ba. Babanta ya ce iyayi ne, kakarta ta ce a yi mata ruƙiya. Ya zan yi? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi saƙonki ya taɓa min zuciya. Wannan ba iyayi ba ne, ciwo ne, kuma ina roƙonki ki kai ta asibiti cikin satin nan kar ki jira a koma makaranta.

Abin da kika lissafo ya yi kama da lalurar da likitoci ke kira anoreksiya, yarinya ta riƙa hana kanta abinci saboda tsoron ƙiba, ko ta rame kamar kara in ta kalli madubi ƙatuwa take ganin kanta. Shiga banɗakin nan shi ya fi damuna, don da yawa yatsa suke sawa su amayar da abin da suka ci, wanda aka fi gani a bulimiya, wato lalurar da mutum zai ci abinci da yawa lokaci guda sannan ya amayar da gangan. Yawan amai da shayin da ke sa gudawa suna zubar da sinadarin fotasiyam daga jiki, shi kuwa in ya yi ƙasa bugun zuciya yana rikicewa har a rasa rai. Ɗaukewar al'ada ma jiki ne ke kuka, abinci bai ishe shi ba. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, shi ya sa nake ta nanata miki.

Mutane na cewa ai ciwon Turawa ne, mu nan ƙiba ake so har ana shan sha-ka-fashe. To mutanen tsibirin Fiji ma haka suke son mace mai jiki, amma da talabijin ta isa wani yankinsu a 1995, zuwa 1998 masu bincike sun samu 'yanmata sun fara amai da gangan don su rame. Balle yanzu da TikTok da Instagram ke tafin hannun kowane yaro.

A asibiti a fara gwajin jini, a duba zuciya da suga da sauran abin da ke ramar da mutum, sannan ki nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa, akwai a Asibitin Koyarwa na Shika, akwai asibitin Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka, ki fahimtar da Babanta wannan a natse. Addu'a kam a yi ta, kakarta ta ci gaba da tofi, amma a haɗa da magani. Azumin nafila a dakatar tukuna.

Kar ku yi mata ɗura ko duka ko gori, kuma kar a cika ta da abinci lokaci guda, jikin da ya daɗe da yunwa yana iya shiga haɗari in aka danna masa abinci farat ɗaya, likita ne zai tsara. Ku riƙa ci tare a faranti ɗaya, ki ɗan zauna da ita kuna hira bayan an gama, ki ce mata "na ga kina shan wahala, ina tare da ke", ki bar zancen rama ko ƙiba kwata-kwata, 'yan gida ma ki ja musu kunne.

In kina da ɗa namiji shi ma ki sa ido, samari na kamuwa, sai dai nasu yakan ɓuya a bayan ɗaga ƙarfe da neman ƙwanji, yaro ya daina cin abincin gida sai ƙwai da garin furotin. Ita kuwa in kika ga ta suma, ko tana jiri, ko ta ce ƙirjinta na bugawa da ƙarfi, a ranar za ki kai ta sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.