Sauyin yanayi da shirin tafiya: wuri za a canja ko lokaci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tanadi don in kai iyalina yawon buɗe ido ƙasar waje, amma duk ƙasar da na sa a raina sai in ji labarin gobarar daji, ko ambaliya, ko zafi mai kisa. Da gaske sauyin yanayi ne ke jawo wannan, ko kafafen labarai ne ke zuzuta abin? Kuma ta yaya zan zaɓi inda za mu je?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba zuzutawa ba ce. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga, inda ɗumin duniya ya zarce na kafin zamanin masana'antu da kusan digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas. Tushen abin shi ne ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas, wanda ya ɗaga iskar kabon a sararin samaniya daga kimanin 280 cikin miliyan zuwa sama da 420.

Za ka iya cewa digiri ɗaya da rabi ai ba wani abu ba ne. To ka sani matsakaicin duniya ne gaba ɗaya, kuma matafiyi ba da matsakaici yake haɗuwa ba, da ranakun da suka fi tsanani yake haɗuwa. Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya riƙe tururin ruwa da ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari. Ke nan idan babu ruwa ƙasa takan bushe da sauri, ciyayi su zama makamashi. Idan kuwa hadari ya haɗu sai ya juye abin da ya ɗauko a cikin sa'o'i kaɗan. Shi ya sa za ka ji fari da ambaliya a ƙasa guda cikin shekara guda. A watan Afrilun 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sha ruwan da ba ta taɓa ganin irinsa ba tun da ta fara awo a 1949, filin jirgin saman Dubai ya cika da ruwa, fasinjoji suka kwana a ƙasa. Ba kowane hadari ne za a ɗora wa ɗumamar duniya kai tsaye ba, amma ita ke ƙara wa irin wannan ruwa nauyi da yawan aukuwa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, lokaci ne ya fara lalacewa kafin wuri. Tsofaffin littattafan jagoran matafiya sun ce Yuli da Agusta ne watannin zuwa kudancin Turai. A Yulin 2023 gobarar daji ta sa an kwashe mutane kusan 20,000 daga gidaje da otal-otal a tsibirin Rodes na ƙasar Girka, kuma a wannan watan hukumomi suka riƙa rufe tsohon ginin Akirofolis na birnin Atina da tsakar rana saboda zafi. Girka tana nan da kyawunta. Wanda ya je a Mayu ko Oktoba zai ji daɗinta. Haka a Japan, furannin ceri da ake tururuwar gani a birnin Kiyoto sun cika buɗewa ranar 26 ga Maris 2021, wanda a lokacin shi ne mafi sauri a tarihin da aka rubuta na sama da shekara 1,200. Wanda ya sayi tikiti bisa tsohon lissafi sai ya tarar an yi an gama.

Zafi shi ne ya fi damuna, domin shi ba ya zuwa da ƙara kamar guguwa. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutane sama da 1,300 suka rasu, Allah Ya gafarta musu. Tsofaffi da yara ƙanana da masu hawan jini ko ciwon suga su ne a sahun gaba na haɗari, don haka tunda da iyali za ka tafi, wannan ne abin dubawa na farko.

Akwai kuma wuraren da su kansu ne ke gushewa. Ƙanƙarar duwatsun Suwizalan ta yi asarar kashi 10 cikin ɗari na girmanta a 2022 da 2023 kaɗai. Murjanin tekun Ostireliya, mafi girma a duniya, ya koɗe sau da dama tun 2016 saboda ɗumin ruwa. Tsibiran Maldibs na tekun Indiya, waɗanda mafi yawansu ba su kai mita ɗaya sama da teku ba, suna kallon ruwan da ya riga ya tashi da kimanin santimita 20 tun 1901.

Ko hanyar ma ta taɓu. Binciken Jami'ar Redin ta Ingila a 2023 ya nuna girgizar jirgi mai tsanani a sararin da babu gajimare ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari a saman arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020. Wannan ba dalilin jin tsoron jirgi ba ne. Ka dai bar bel a ɗaure muddin kana zaune, kai da yaran.

Kada ka fasa tafiyarka. Ka zaɓi ƙasar da kake so, sannan ka binciki yadda watan da ka nufa ya kasance a can cikin shekaru biyar na baya-bayan nan, maimakon matsakaicin shekaru talatin. Idan ƙasar mai zafi ce, ka kauce wa tsakiyar lokacin zafinta ko da kuwa nan ne hutun makaranta ya faɗa. Ka ɗauki tikitin da za a iya sauya wa rana ko da ya ɗan fi tsada, ka tambayi masauki ko akwai na'urar sanyaya ɗaki kafin ka biya, domin a Turai ba ko'ina ake da ita ba. In za ka yi inshorar tafiya, ka karanta ka ga ko ta haɗa da gobara da ambaliya. Idan saura mako guda ku tashi, ka fara bin hasashen hukumar yanayi ta ƙasar da kanta kullum.